Takardar Da Ake Cikewa A Kan Benci

Akwai wata ɗabi'a tsakanin iyayen yara masu lalurar otizim da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙwararre zai ba uwa takarda, ya ce ta riƙa sa alama duk lokacin da yaro ya ciji hannunsa, har sati biyu. Takarda ta shige jaka. Sai ranar komawa, ana zaune a kan benci ana jiran layi, a ari biro wajen maƙwabciya, a ɗora takardar a cinya: Litinin uku, Talata biyar. "Kai, ran Laraba ai ya yi ta yi," sai a rubuta takwas. Na sha ganin haka da idona. Wasu malaman makaranta ma haka suke, sai an tashi su cike ta yini guda da ka. Daga baya a zo ana ƙorafin wai an kashe kuɗi ba a ga canji ba.

Wannan takarda ita ce ƙashin bayan aikin. Fannin da ƙwararren ke bi, wato nazarin ɗabi'a a aikace, wanda ake kira ABA, a Amurka ya kafu, kuma a 1968 ne Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley na Jami'ar Kansas suka shimfiɗa sharuɗɗansa. Daga ciki akwai cewa abin da mutum ya aikata aka gani aka auna, shi ne abin dogaro. Da alƙaluman nan ƙwararre zai yanke shawarar ci gaba da dabara ko sauya ta. In aka ba shi na ƙarya, ya yi wa ɗanki gini a kan iska.

Mai cikewa a benci ba ta ɗauka ƙarya take yi ba, ta tuna ne a ganinta. To amma zuciya ranar baƙin ciki take riƙewa. Ranar da yaro ya kwanta yana birgima a gidan suna gaban jama'a ba za ta manta ba, kwana huɗun da ya yi lafiya lau kuwa sun shuɗe ba labari. Maigida kuma ya dawo bayan Isha, ya tarar da ihu sau ɗaya, nan take ya yanke hukunci: "Yaron nan ƙara lalacewa yake." Da wane ma'auni, Alhaji? Mai shagon unguwa ma bai yarda ya riƙe bashi a ka ba, nan take yake buɗe littafi.

Kafin a fara ƙirga, a daidaita kan abin da ake ƙirgawa. "Rigima" da "taurin kai" ba sa ƙirguwa. "Ya sa haƙori a fatar hannunsa" kuwa, kowa ya gani zai shaida. Shi ya sa masu fannin kan sa mutum biyu su lura da yaro lokaci guda, kowa da takardarsa, kuma yawanci ana son su dace da aƙalla kashi 80 cikin 100. Abu mai farko da ƙarshe kamar cizo, adadinsa ake rubutawa tare da tsawon lokacin da aka lura, domin shida cikin awa ɗaya daban ne da shida cikin yini. Kuka kuwa daɗewarsa ake aunawa, ga agogo nan a wayarki. A ƙara da abin da ya faru daf da halin da abin da ya biyo baya. A nan uwa kan gano cewa duk cizo sai an karɓe masa waya, kuma da ya ciza ake mayar masa.

A fara rubutu tun kafin a taɓa komai, don a san inda aka taso. Sau da yawa in aka daina ba yaro abin da ya saba samu da ihu, ihun yakan ƙaru na ɗan lokaci kafin ya sauka. Wanda ba shi da rubutu a nan yake karaya ya watsar da aikin. Idan kuma cizo ko buga kai ya taso kwatsam, a kai yaron asibiti a duba kunne da haƙori, don yaron da ba ya magana ba zai ce ga inda ke ciwo ba.

Ba wanda ya ce ki bar girki ki bi yaro da biro yini guda. Ku tsayar da awa ɗaya ke da ƙwararren, misali daga La'asar, kullum ita ce. Manna takardar a bango, ɗaure fensir da zare kusa da ita. In hannu ya jiƙe, ajiye wake a gefe, duk cizo ki jefa ƙwaya ɗaya a kofi, ki ƙirga da zarar awar ta cika. Ranar da baƙi suka zo ba ki samu dama ba, rubuta "ban lura ba", kada ki sa sifili, domin sifili na nufin kin duba bai yi ba.