Gilashin Gaban Babur: Sauƙi ga Dattawan Bauchi, Kasuwa ga Masu Kayan Gyara

Duk wanda ya tsaya a shataletalen Wunti da ke birnin Bauchi da sanyin safiya cikin watan Disamba, ba zai rasa ganin dattawa bisa babura ba, sun rufe baki da hanci da hirami, sun sunkuyar da kai, idanunsu na zubar da ruwa saboda iska. A cikinsu akwai ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta, akwai 'yan kasuwar Muda Lawal, akwai kuma 'yan fansho masu zuwa gona ta hanyar Dass ko ta Ningi.

Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah sun taɓa mallakar mota, wasu ma tana nan a jingine a ƙofar gida. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin daga bisani ta haura naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen shekarar 2024. Wannan ya mai da magidanta masu yawan shekaru kan babur, abin hawan da suka yi sallama da shi tun suna samari. Sai dai jikin ɗan shekara 60 ba ya jure abin da jikin ɗan shekara 25 ke jurewa.

Babbar wahalar mahayi ita ce iska. Ƙa'idar kimiyya ta nuna cewa idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin iskar da ke bugun ƙirji yana ninkuwa sau huɗu. Ke nan, wanda ya tashi daga gudun kilomita 40 a sa'a cikin gari zuwa kilomita 80 a kan hanyar Jos, wuyansa da kafaɗunsa da hannayensa suna tokare nauyin da ya ninka na farko har sau huɗu. A tafiyar kimanin kilomita 130 zuwa Jos, wannan tokarewa takan zama ciwon wuya da na baya, ga kuma gajiya mai rage kuzarin taka birki a kan lokaci.

Hunturu kuma yana ƙara wa Barno dawaki. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska daga hamadar Sahara takan kwaso ƙura mai laushi, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Idon dattijo dama ya fi saurin bushewa, gaɓɓansa sun fi jin sanyi, mai fama da asma kuwa ƙura ce babbar abokiyar gabarsa. Da damina ma ba a tsira ba, domin ruwan sama da ƙwarin dare sukan bugi fuska kai tsaye.

Aikin gilashin gaba shi ne ya karkatar da iskar ta bi ta sama da gefen mahayi, yayin da robar da ke rufe gaban babur take kāre gwiwoyi da ƙwauri. Dabarar ba sabuwa ba ce ga mutanen Arewa. Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, ta zo da faffaɗan ƙarfe a gaba mai kāre ƙafafu, abin da ya sa ta dace da mai babbar riga. Haka nan Honda Super Cub na 1958, wanda daga irinsa ne aka sami baburan da ake kira roba-roba. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa, masana'antu sun mai da jin daɗin mahayi wata kasuwa mai zaman kanta: kamfanin BMW na Jamus ya fito da R100RS mai cikakkiyar rufar gaba a 1976, Honda kuma ta fara sayar da Gold Wing da gilashi da rufa daga masana'anta a 1980.

Amma baburan da suka cika titunan Bauchi, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, an ƙera su ne don arha da juriya da ɗaukar kaya, saboda haka ba sa zuwa da wata kāriya ta a zo a gani. Wanda yake son gilashi sai ya saya daban, ya kai wa bakanike ya ɗaura masa. A nan ne ribar take, a nan ne kuma haɗarin yake.

Abu na farko shi ne tsayi. Ƙa'idar da masu ƙera gilashin ke bi ita ce bakinsa na sama ya tsaya daidai hancin mahayi idan ya zauna sosai, domin ya riƙa hangen hanya ta samansa. Gilashin da ya wuce ido yakan dusashe da ƙura ko ruwa, da dare kuma ya warwatsa hasken fitilar motar da ke tahowa, wanda hakan babbar matsala ce ga mai yanar ido. Wanda bai daidaita ba kuwa yakan harba iska ta riƙa kaɗa kai da cika kunne da ƙara.

Abu na biyu shi ne faɗi. Ƙaramin babur ba shi da nauyi, saboda haka faffaɗan gilashi da aka ɗaure a jikin kan babur yakan kama iskar gefe, musamman idan tirela ta gifta, ya fizgi hannun mahayi. Matsakaici ya fi dacewa, tare da ƙarafan ɗauri masu ƙwari waɗanda ba su taɓa wayar birki ko ta totur ba.

Abu na uku shi ne irin robar. Wadda ake kira folikabonet ta fi jure bugun dutse, ita kuwa akirilik ta fi arha amma takan tsage ta bar kaifi idan aka faɗi. Gilashin taga ko na mota bai halatta a yanka a ɗaura wa babur ba ko kusa. Wajen wankewa, ruwa da sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar. Goge ƙura a bushe yana karce shi, fetur kuma yana lalata shi.

Ga dillalan kayan gyara, lissafin a fili yake. Dattijo abokin ciniki ne mai neman inganci, kuma idan ya gamsu yakan kawo abokansa na majalisa. Mai hikima zai yi odar kaya daga Kano ko Nnewi tun watan Oktoba, kafin sanyi ya kankama, ya ajiye tsayi iri biyu ko uku, ya kuma haɗa kai da bakaniken da zai auna mai saye a bisa baburinsa kafin a ɗaura. Wanda ya sayar da gilashin da ya dusashe cikin wata guda, ya ci ribar yini ya rasa cinikin shekara.

Wajibi ne kuma mai sayarwa ya gaya wa mai saye gaskiya: gilashi ba ya maye gurbin hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanyawa tun ranar 1 ga Janairu, 2009. Gilashi yana rage gajiya da sanyi da ƙura, hular kwano ce ke kāre kai ranar faɗuwa. Magidancin da ya haɗa biyun ya fi kusa da ƙara shekaru yana fita neman abincin iyalinsa da kansa.