Sikirif: Yadda Za Ku Sa Kwamfuta Ta Ɗauke Muku Aikin Maimaici

Duk wanda ya taɓa leƙa ofishin malamai a makon ƙarshe na zangon karatu ya san halin da malamin aji yake shiga. A ce ɗalibai 60 ne a ajinsa, kowa yana ɗaukar darussa 9, kowane darasi kuma da makin gwaji da na jarrabawa. Lambobi 1,080 ke nan zai tara, ya fitar da matsakaicin makin kowa, sannan ya jera na ɗaya har zuwa na ƙarshe. Lissafin ba wuya gare shi ba, maimaicin ne ke cin rai. Idan ido ya gaji kuwa, 83 na iya komawa 38, a zalunci yaro ba da niyya ba.

Irin wannan aiki ne, ƙannenmu, aka fi ɗora wa kwamfuta, domin ita ba ta gajiya. Hanya mafi sauƙi ta ɗora mata shi ita ce a rubuta sikirif.

Mene ne sikirif?

Sikirif ɗan gajeren rubutu ne mai ɗauke da umarni bi da bi. Kamar dai a aiki yaro kasuwa da takarda: ka fara zuwa wurin mai kayan miya, idan tumatir ya yi tsada ka sayo na gwangwani, ka dawo da canji. Kwamfuta za ta bi umarnin daga sama zuwa ƙasa, ta maimaita shi sau dubu idan an ce ta yi.

Da yake ba ta jin Hausa ko Turanci, sai an yi mata magana da harshen da aka tsara domin ta. Wasu harsunan, irin su C, sai an juya duk rubutun zuwa yaren na'ura kafin ya fara aiki, kamar a fassara littafi gaba ɗaya sannan a buga shi. Harsunan sikirif kuwa suna da tafinta, wato wata manhaja da ke karɓar umarninka tana aiwatarwa nan take. Shi ya sa suke da daɗin koyo: kana rubutawa kana ganin sakamako.

Uku daga cikinsu sun fi shahara. Akwai Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Ba daga macijiya mesa ya samo sunan ba, daga wani shirin barkwanci ne na talabijin ɗin BBC. Akwai JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995 a kamfanin Netscape, shi ne ke sa shafukan intanet suna amsawa idan an latsa. Sai Bash, wanda ya fito a 1989, ana amfani da shi wajen sarrafa fayiloli a kwamfutocin Linux.

Ga ɗanɗano daga Python:

maki = [65, 48, 72]
print(sum(maki))

Layin farko ya ajiye maki uku a ƙarƙashin suna ɗaya. Na biyu ya ce a tara su a nuna jimla, sai 185 ta fito. Da maki 3 da maki 3,000, layin na biyu ba zai canja ba. Amfanin abin ke nan.

Ranar da muka ji kunya

A hutun da ya gabata, mu uku da muke karatun kwamfuta a jami'a muka ɗauki nauyin taimaka wa wani malamin aji a unguwarmu. Muka rubuta sikirif da zai karanta jimlar makin ɗalibansa ya jera su. Kafin ƙiftawar ido sakamako ya fito, muna ta murna. Malam ya duba takardar, ya gyara tabarau, ya ce, "Samari, wannan da kuka ba na ɗaya ai darasi biyu kawai ya rubuta, rashin lafiya ta kwantar da shi."

Yaron yana da jimlar 95, amma ya hau kan mai 640. Da muka bincika, sai muka gano laifinmu ne. Ba mu gaya wa kwamfuta cewa makin lambobi ne ba, sai ta ɗauke su a matsayin kalmomi, ta jera su kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus, tana duba harafin farko. Da ta ga 9 ta fi 6, shi ke nan ta yanke hukunci. Kalma ɗaya muka ƙara komai ya daidaita. Amma da Malam bai san ɗalibansa ba, da an miƙa wa iyaye sakamakon ƙarya.

Darasin da muka koya shi ne, kwamfuta ba ta san nufinka ba, abin da ka rubuta kawai take bi. Kamar yadda take maimaita daidai sau dubu, haka take maimaita kuskure sau dubu. A watan Agustan 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda matsala a manhajarsa mai saye da sayarwa da kanta.

Saboda haka ku riƙe abu uku. Ku fara gwada sikirif da bayanai kaɗan waɗanda kun san amsarsu. Kada ku gwada shi a kan ainihin fayil, ku kwafi wani, kar garin gyaran gira a rasa ido. Kuma kada ku kunna sikirif da kuka tsinta a intanet alhali ba ku fahimci abin da yake yi ba.

Daga ina za a fara?

Python kyauta ne. Idan makarantarku na da ɗakin kwamfuta, ku roƙi malaminku ya saka muku shi. Mai wayar Android a gida na iya sauke manhajar Pydroid 3, wadda ke aiki ko babu data bayan an sauke ta.

Amma matakin farko ba ya buƙatar na'ura. A makon nan, kowa ya zaɓi aiki ɗaya da ake maimaitawa, ko kiran sunan 'yan aji, ko lissafin cinikin shagon Baba. Ku rubuta matakansa da Hausa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ku ba abokinku ya bi su yadda suke, ba tare da ya ƙara komai daga kansa ba. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne kwamfuta ma za ta tsaya. Ku gyara, ku sake ba shi. Da koyo akan iya.