Ko Ka San Abin da Ke Hana Tsohuwar Mota Mai Injekta Tashi da Sanyin Safiya?

Ko ka san cewa injin mota ba ya ƙona fetur yana ruwa? Tururinsa yake ƙonawa. A nan matsalar hunturu take farawa. Idan inji ya kwana cikin muku-mukun Disamba ko Janairu, irin na Jos ko Agadas inda dare kan sauka ƙasa da digiri 10, fetur ɗin da aka fesa ba ya saurin zama tururi. Rabonsa mai yawa sai ya lafe a jikin ƙarfe mai sanyi, abin da ya isa ga filogi bai kai ya kama wuta ba. Injin da ya yi zafi yana son iska kashi 14.7 a kan kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Mai sanyi kuwa sai an ninka masa mai kafin ya yi ko tari.

Masu motar kafireta sun san maganin: a ja cok. Motar injekta ba ta da abin ja, ƙwaƙwalwar mota ce ke ƙara man da kanta. Ita kuma tana sanin sanyin inji ne ta bakin wata 'yar na'ura da ba ta wuce babban yatsa ba, wadda aka ɗaure a inda ruwan lagireto ke bi ta jikin inji. Yadda take tare wutar lantarki yana sauyawa da zafin ruwan. A irin wadda kamfanin Bosch ke yi, za ka auna kusan om 2,500 a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. Idan ta tsufa ta fara ba da labarin ƙarya, ta ce inji da ɗuminsa alhali ya yi ƙanƙara, ƙwaƙwalwa sai ta rage mai. Kik na juyawa da ƙarfi, mota ta ƙi tashi. Da hantsi ya dubi ludayi, a murɗa makulli sau ɗaya ta kama, mai ita ya shiga zargin fetur ɗin da ya sha jiya. Abin da ke ƙara rikita mutane, allurar zafi da ke gaban direba tana iya nuna daidai, domin a motoci da yawa na'urarta daban take.

Tsofaffin Marsandi irin su 230E, da wasu Toyota na shekarun 1980, suna da wani ƙarin nozul guda wanda aikinsa kawai fesa mai lokacin tayar da inji mai sanyi, na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya yi shiru. Tsarin K-Jetronic da Bosch ya fito da shi a 1973 yana da shi. Idan nozul ɗin ya toshe, duk tsawon bazara ba wanda zai sani.

Amma kafin a taɓa komai, a saurara. Abin yana ci mini rai ganin yadda ake sa talaka ya sayi famfon mai, ya sayi filogi, har da ƙwaƙwalwar mota sukutum, alhali kunne kaɗai ya isa ya raba gardama. Idan kik na jan jiki da ƙyar, ko ka ji ƙyas-ƙyas kawai fitilun gaban direba suna dushewa, maganar batir ce ko kawunansa da suka yi farin gishiri. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da ake murɗawa. Zafin Afrilu ne ke cin batir a hankali, sanyi ya zo ya tona asiri, ga kuma baƙin mai da ya yi kauri yana ƙara wa kik nauyi.

Idan juyin lafiya lau, murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ka tsaya, ka kasa kunne wajen tanki. Ya kamata ka ji famfon mai ya yi 'yar ƙara kamar daƙiƙa 2. Yi haka sau uku kafin ka tayar. In ta kama, man da ya kamata ya kwana cike a bututu ne yake sulalewa ya koma tanki cikin dare.

Na'urar zafin nan tana iya yin ƙarya ta ɗaya ɓangaren ma. Idan wayarta ta tsinke, ƙwaƙwalwar wasu motoci kan ɗauka sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, ta yi ta kwarara mai. Kwance filogi ɗaya ka duba: in ya jiƙe sharkaf yana warin fetur, mai ya yi yawa, in ya bushe ƙarau bayan an daɗe ana murɗawa, mai bai iso ba. Wanda nasa ya jiƙe ya danne totur har ƙasa ya murɗa, domin a motocin injekta da dama hakan na sa a tsayar da fesawa har inji ya share. Kada dai murɗawa ɗaya ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, a bar kik ya huce kafin a sake, don kada a tafi gareji da matsala biyu.