Yadda Ingilishi ya rasa kawu da baffa: labarin tsofaffin kalmomin da suka mutu

Duk ɗalibin da ya fara koyon Ingilishi a koleji ya gamu da wannan: malami ya ce a fassara "kawu", amsa ita ce "uncle", ya ce a fassara "baffa", amsar dai "uncle" ce. Sai dai ba haka harshen yake tun asali ba. Shekaru dubu da suka wuce, mutanen Ingila na kiran ɗan'uwan uwa "eam", na uba kuma "fædera". Inna ita ce "modrige", gwaggo kuwa "fathu". Duka huɗun sun mutu, "uncle" da "aunt" da aka aro daga Faransanci suka gaje su.

Ba su kaɗai ba ne. Bugu na biyu na babban ƙamus na Oxford, wanda ya fito a 1989 cikin kundi 20, ya ƙunshi kalmomi 171,476 da ake amfani da su, da wasu 47,156 da aka daina faɗa. Da yawa daga cikinsu ba tsufa ne ya kashe su ba, sauyin mulki ne da sauyin rayuwa.

Yaƙin da ya sauya harshe

Tsohon Ingilishi ya samo asali ne daga ƙabilun Angles, Saxons da Jutes, waɗanda suka ƙetara teku daga arewacin Jamus da Danmak zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Baturen Ingila na yau ba ya iya karanta shi sai ya koye shi kamar baƙon harshe.

A ranar 14 ga Oktoba, 1066, William, mai mulkin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hastings, ya hau gadon sarautar Ingila. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada, da kotu, da masu hannu da shuni har tsawon kusan shekaru 300, aka bar wa talakawa Ingilishi. Sai a 1362 aka kafa dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta.

A wannan tsakani ne kalmomi da dama suka kwanta dama. "Frith", wato zaman lafiya, ta bar wa "peace" wuri. "Here", rundunar yaƙi, ta bar wa "army". "Leod", wato jama'a, ta bar wa "people". Wanda ya yi boko a Nijar zai gane baƙin nan take: "paix", "armée" da "peuple" ne suka sauya riga. Haka abin yake a wajen nama. Dabbar da ke kiwo ta riƙe sunanta na Ingilishi, "cow" da "sheep", amma naman da ke kan faranti ya ɗauki sunan Faransanci, "beef" da "mutton", ƴan'uwan "bœuf" da "mouton". Ma'ana, mai jin Faransanci ya riga ya ci rabin hanya kafin ya buɗe littafin Ingilishi.

Waɗanda suka ɓuya cikin wasu

Wasu kalmomin ba su ɓace ƙurmus ba, sun laɓe ne cikin wasu. "Wer" na nufin namiji. Ita ce a farkon "werewolf", mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci a tatsuniyoyin Turawa, kuma ita ce a cikin "world", duniya, wadda asalinta "zamanin mutum" ne. Daga gare ta aka samu "wergild", wato diyya: a dokokin masarautar Wessex, ran talakan da ba bawa ba sule 200 ne, na basarake kuwa sule 1,200.

"Lord", da ake kiran manyan sarakai da ita, ta fito ne daga "hlafweard", mai tsaron burodi, wato maigidan da ke ciyar da mutanensa. "Lady" kuma asalinta mai kwaɓa burodi ce.

Akwai kuma waɗanda suna nan da rai amma sun juya wa ma'anarsu baya. A da, wanda aka ce wa "nice" an zage shi ne da wauta, yau kuwa yabo ne. "Silly" na nufin mai albarka, yanzu sakarai. "Meat" kowane irin abinci ne, "deer" kowace irin dabbar daji, "girl" kuma yaro ne ƙarami, namiji ko mace.

Tsakanin "kai" da "ku"

Masu karanta fassarar Alƙur'ani ta Marmaduke Pickthall ta 1930, ko ta Abdullahi Yusuf Ali da ta fara fitowa a 1934, sukan ci karo da "thou", "thee" da "ye". Haka ma a Baibul na Sarki James na 1611 da wasannin Shakespeare. "Thou" ita ce "kai" ko "ke", "ye" da "you" kuma su ne "ku". Kamar yadda Bahaushe ke ce wa babba "ku", Bafaranshe ke cewa "vous", haka Turawan Ingila suka riƙa girmama mutum da "you". A hankali kiran mutum da "thou" ya zama raini, har ta fita daga bakin yawancin jama'a a ƙarni na 17. Shi ya sa yau "you" guda ce ke tsaye wa sarki da yaro, mutum ɗaya da taro.

Waɗanda Hausa ta adana

Wani abin mamaki shi ne, wasu kalmomin da aka daina ciniki da su a Ingila suna nan a bakin Hausawa. A ranar 15 ga Fabrairu, 1971, Birtaniya ta sauya tsarin kuɗinta, "shilling" da "sixpence" suka kama hanyar shiga tarihi. Najeriya ma ta koma naira a 1973. Amma "sule" da "sisi" da Hausa ta ara daga gare su ba su tafi ba. Matashin da bai taɓa riƙe sisi a hannunsa ba yana cewa "ko sisi ba ni da shi" daga Maraɗi har Agadas.

Ita ma Hausa ba ta tsira daga abin da ya sami Ingilishi ba. A gidaje da yawa na Yamai, Damagaram da Tawa, da na ƴan ƙasa mazauna waje, "tonton" da "tanti" kan shiga bakin yara kafin kawu, baffa, inna da gwaggo. Aro ba ya kashe harshe, shaida kuwa ita ce Ingilishi da ya mamaye duniya da kalmomin aro. Amma yaron da ya ce "tonton" bai faɗi ko dangin uwa yake nufi ko na uba ba, alhali a gidan Bahaushe kowannensu da matsayinsa a wajen neman aure da sasanta rikici. Ingilishi ya taɓa samun wannan bambanci cikin kalma ɗaya tak. Yau sai Bature ya yi dogon bayani kafin a gane wane "uncle" yake magana a kai.