Gane Halin Katsewa a Wajen Rubuta Direbobin Na'urori

A cikin kowane tsarin gudanar da kwamfuta akwai wani sashe na tsakiya wanda ke riƙe da ragamar na'urori duka, ana ce masa ƙwaya. Ƙananan shirye-shiryen da ke shiga tsakanin ƙwaya da kowace na'ura, kamar allon bugu ko katin sadarwa, su a ke kira direbobi. Za a ɗauki misali a nan da ƙwayar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki cikin 1991.

Hali biyu ne direba ke iya samun kansa a ciki. Na farko shi ne halin aiki, watau sa'ad da ƙwaya ke biyan bukatar wani shiri da ya roƙi a karanta masa fayil, ko makamancin haka. A nan direba na iya yin barci, watau ya dakata ya bar wa wani aiki furosesa har abin da ya ke jira ya samu. Na biyu shi ne halin katsewa. In na'ura ta sami saƙo, sai ta aika wa furosesa alama, ta katse masa hanzari, ya ajiye abin da ke hannunsa ya saurare ta. Mai karɓar katsewa ba shi da wani aiki nasa na kansa da mai raba lokaci zai kwantar ya kuma tayar, aron lokacin wani ya yi. Saboda haka barci haramun ne a gare shi. In ya yi, kwamfuta na iya sandarewa, abin da ba a adana ba ya salwanta.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wajen neman gurbi a ma'ajiya. Wanda ya kira kmalloc da tutar GFP_KERNEL ya yarda a sa shi jira. Wanda ba shi da damar jira sai ya yi amfani da GFP_ATOMIC, ya kuma shirya wa dawowa hannu rabbana.

To, yaya direba zai san halin da ya ke ciki? Linux na riƙe da wata ma'ƙirga mai suna preempt_count, wadda aka kasa kashi-kashi. Ɗigo 8 na ƙasa na ƙirga hanin ƙwace furosesa, 8 na bisansu na ragowar aikin katsewa ne da a ke jinkirtawa, 4 na gaba kuma na katsewar na'ura ne, sa'an nan sai na katsewar da ba ta toshuwa. Tambayar in_interrupt wannan ma'ƙirga ta ke dubawa.

Amma fa amsarta ba abin dogara ba ce, saboda dalilai uku. Na ɗaya, ta kan ce ana cikin katsewa alhali kuwa ragowar aikin katsewa kaɗai aka toshe da local_bh_disable. Na biyu, rashin katsewa ba shi ne izinin barci ba, gama direban da ke riƙe da kwaɗon jiran tsaye, wanda mai jiransa ke ta zagaye ba ya kwanciya, shi ma an hana shi barci. Tambayar in_atomic ma ba ta ganin wannan kwaɗo a ƙwayar da aka gina ba tare da ƙirga hanin ƙwace ba, shi ya sa tun 2008 aka yi gargaɗi kada direbobi su taɓa ta. Na uku, a tsarin PREEMPT_RT, wanda aka kammala shigarwa cikin Linux 6.12 a 2024, yawancin masu karɓar katsewa sun koma gudana kamar sauran ayyuka, har amsar ta sauya ma'ana.

Don haka cikin 2020 Thomas Gleixner da Sebastian Siewior suka bi direbobi masu yawa suna cire in_interrupt. Ƙa'idar da aka tsaya a kai ita ce, mai kira shi ya san inda ya fito, shi zai faɗa. Ko dai ya miƙa tutar da ta dace, ko a rubuta hanya biyu, ɗaya mai barci ɗaya marar barci. Aiki mai nauyi kuwa a tura shi layin jiran aiki, ko a nemi katsewa ta request_threaded_irq, wadda ta shigo a 2009. Wajen gwaji kuma akwai might_sleep, mai yin ƙara in an kusanci barci a inda aka hana, da lockdep na 2006, mai bin diddigin kwaɗuna.

Windows ma na da irin wannan doka, sai dai matakai ta ke ƙirgawa. KeGetCurrentIrql na faɗin matakin da a ke, kuma daga mataki na 2 zuwa sama ba a yarda direba ya yi jira ba.

Abin lura shi ne, tambayar ko ana cikin katsewa daban ta ke da tambayar ko an halatta barci. Ma'ƙirga na iya amsa ta farko gwargwado, amma ta biyu sai tsarin shirin kansa ya amsa ta tun ranar da aka rubuta shi.