Sigarin Lantarki: A Tare Shi a Tashar Apapa Kafin Ya Kai Teburin Mai Tireda

 Shirinmu na musamman a yau daga Legas yake zuwa muku, tare da gaisuwa ga 'yan'uwa mazauna Apapa da Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago. Zancenmu a kan sigarin lantarki ne, ɗan bututun nan mai batir wanda idan an zuƙa sai ya dumama wani ruwa mai nikotin da ƙamshin 'ya'yan itace, mai sha ya busar da tururi. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro shi a 2003, kuma har yau mafi yawan wanda ke yawo a duniya daga masana'antun birnin Shenzhen yake fitowa. Da ya iso Najeriya sai ya tarar da giɓi a doka. Dokar taƙaita shan taba da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015 an tsara ta ne domin sigari da sauran kayan ganyen taba, ba ta fayyace matsayin wannan baƙo ba. Shi ya sa ƙungiyoyin yaƙi da taba, irin su CAPPA da ke nan Legas, suke matsa wa gwamnati lamba ta toshe giɓin, kuma suna da gaskiya. Inda baki ya rabu shi ne yadda za a toshe. Wasu ƙasashe sun haramta sayar da shi baki ɗaya, kamar Uganda a 2015 da Indiya a 2019. Wasu kuma sun bar shi a kasuwa amma sun ɗaure shi da ƙa'idoji masu tsauri. Ra'ayina shi ne hanya ta biyu ta fi dacewa da mu, kuma zan faɗi dalili.

Bari mu fara da abin da ya faru inda aka fi gwabza wannan muhawara. A watan Satumbar 2019 Shugaban Amurka Donald Trump ya sanar cewa zai kawar da duk ruwan sigarin lantarki mai ƙamshi daga kasuwa. Waɗanda suka fara tayar da jijiyar wuya masu ƙananan shaguna ne da mutanen da suka shafe shekaru suna shan sigari suka samu suka rabu da shi ta wannan hanya. A watan Nuwamba suka yi gangami kusa da fadar shugaban ƙasa a Washington, suna gargaɗin cewa su ma suna da ƙuri'a. Da aka shiga Janairun 2020, matakin da ya fito bai kai wanda aka yi alkawari tsauri ba. Hujjar masu gangamin guda ce, kuma tana da nauyi: abin da ya fi kisa a sigari ƙonewar ganye ne, wato kwaltar da ke taruwa a huhu da gubar da ke cikin hayaƙi, shi kuwa nikotin aikinsa kama mutum ya hana shi dainawa. Hukumar lafiya ta Ingila ta fitar da rahoto a 2015 tana ƙiyasta cewa illar sigarin lantarki ta gaza ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100. Masana da yawa sun soki wannan adadi, suna cewa an yi gaggawar yanke shi, kuma sukar tana da tushe. Amma bitar da cibiyar Cochrane ta yi wa gwaje-gwajen asibiti a 2022 ta tabbatar da wani abu mai muhimmanci, cewa mashayin da ya koma wa sigarin lantarki mai nikotin ya fi samun nasarar barin sigari a kan wanda aka ba cingam ko filastar nikotin. To dokar da za ta kawar da mai ƙaramar illa daga kanti, ta bar mai babbar illa a kan kowane teburi, dole a tambaye ta wa take karewa.

Sai dai ba sai mun je Amurka ba kafin mu san halin dokar hani, domin muna da namu tarihin. Dokar 2015 ɗin nan ta hana sayar da sigari kara-kara, ta ce sai dai a kwali, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Duk wanda ya bi ta Agege ko Ijora da daddare ya san cewa kara ɗaya ake saye a wurin mai tireda, a kunna a gefen mai shayi, kuma yaron da aka aika ba a tambayarsa shekarunsa. Jihar Legas ma tana da tata dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a tun 2014, zamanin Gwamna Babatunde Fashola. A 2018 Ministan Lafiya Isaac Adewole ya ayyana hana shisha mai ƙamshi, Kano ta biyo da nata hanin a 2021, amma tukunyar shisha ba ta ɓace daga wuraren shaƙatawa ba. A watan Mayun 2018 ne kuma gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona yadda yake lalata matasa, musamman a Arewa. Hanin ya dace, domin ɓarnar ta kai intaha. Duk da haka har yanzu jami'an kwastan da na NDLEA suna kama kwantenoni cike da kodin da tiramol a tashoshin jiragen ruwa. Abin da za a koya a nan shi ne, idan akwai masu nema, hani ba ya kashe kasuwa, hannun da ke riƙe da ita kawai yake sauyawa. Afirka ta Kudu ta gwada a zahiri: daga ƙarshen Maris zuwa Agustan 2020, lokacin kullen korona, ta hana sayar da taba gaba ɗaya, sai masu bincike a Jami'ar Cape Town suka gano cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da sha suna samun abinsu ta bayan fage, a farashi ninki.

A nan ne Apapa ta shigo cikin maganar, kuma a nan ne zuciyar hujjata take. Wani zai ce, idan gwamnati ta kasa aiwatar da hani, ta yaya za ta iya aiwatar da ƙa'ida? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana ga wurin da kowane ɗayansu yake ɗora nauyin tsaro. Sigarin lantarki kayan waje ne. Ƙofofinsa ƙidayayyu ne: tashar Apapa, tashar Tin Can, filin jirgin saman Murtala Muhammed, da 'yan wasu. Muddin halal ne a doka, mai shigo da shi yana da suna da adireshi da rajistar kamfani da takardar kwastan. Ana iya tilasta masa lasisi, a ƙayyade masa yawan nikotin, a ɗauki samfuri a kai ɗakin gwaji, a ɗora masa haraji mai nauyi, idan ya saɓa a ƙwace kwantenar a soke lasisin. Ranar da aka haramta kuwa, wannan mutum ba zai daina sana'a ba, sunansa ne zai ɓace daga takarda. Kayan za su zo a ƙarƙashin kwalayen cajar waya, ko su biyo ta Kwatano da Seme. Daga nan aikin tsaro ya tashi daga ƙofofi 'yan kaɗan ya watsu a dubban tituna, kuma kowa ya san wanda ake kamawa a titi. Mutanenmu na Legas ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Lokacin da aka hana acaba a Apapa da wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, aka sake tsananta hanin a Yunin 2022, sun ga baburan da aka kwashe aka murƙushe, sun kuma san 'ya'yan wa ke kansu. Mai tireda da ke kwana a cikin akwatin katakonsa a bakin layi ba shi da lauya, ba shi da wanda zai buga wa waya. Shi za a ɗaga wa tebur, a karɓi na goro, gobe a dawo. Wanda ya yi odar kwantenar kuwa yana gidansa.

Akwai kuma batun abin da ke cikin ruwan. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka tsakanin masu zuƙar tururi. Zuwa Fabrairun 2020 hukumar CDC ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar a asibiti, 68 suka rasu. Masu neman hani sukan kawo wannan a matsayin hujja. Amma da aka bi diddigi, sai aka tarar mafi yawan cutar ta fito ne daga ruwan wiwi da ake haɗawa a ɓoye, ana sirka shi da wani mai na bitamin E, ana sayarwa hannu da hannu. Kayan bayan fage ne suka yi kisan. Ƙasar da ke fama da jabun magunguna irin tamu ya kamata ta yi dogon tunani kafin ta miƙa wa masu haɗi a ɗaki abin da ake zuƙa kai tsaye zuwa huhu.

Yanzu ga suka mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Ingila ƙasa ce da ta yi fama da ɗimbin mashaya, don haka duk abin da zai rage musu illa riba ce. Najeriya ba haka take ba. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 ne kawai na manya ke amfani da taba. Ke nan wanda zai sayi bututu mai ƙamshin mangwaro a Ikeja ko Lekki, ko ya yi oda ta Instagram, galibi ba dattijon da ke neman rabuwa da sigari ba ne. Saurayi ne ko budurwa da ba su taɓa kunna kara ba. Yarinyar da za ta ji kunyar a gan ta da sigari ba za ta ji kunyar abin da ya yi kama da alƙalami, ba ya barin wari a hijabi ba. Wannan haɗari ne na gaske, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa a Disambar 2023. Iyayen da hankalinsu ya tashi suna da hujja. Abin dubawa shi ne me ya yi aiki a inda matsalar ta yi ƙamari. A 2019 kashi 27.5 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare a Amurka suna zuƙa. Aka ɗaga shekarun saye zuwa 21, aka taƙaita ƙamshi, aka matsa wa masu talla. Zuwa 2024 adadin ya sauko kashi 7.8, ba tare da an haramta abin a ƙasar baki ɗaya ba. Ingila kuma daga 1 ga Yunin 2025 ta hana irin wanda ake sha a yar, domin shi ne mai arha da yara suka fi saye. Mu ma abin da ya kamace mu ke nan, har da ƙari: a hana na sha-ka-yar, a hana ƙamshin alewa da kwali mai zanen yara, a hana talla da sayarwa ta intanet kamar yadda dokar 2015 ta hana wa sigari, a bar sayarwa ga shagunan da ke da lasisi.

Malamanmu da yawa sun yi fatawa cewa shan taba haramun ne saboda cutarwa da almubazzaranci, kuma babu abin da na faɗa da ke nufin a ƙarfafa wa kowa gwiwar zuƙar nikotin. Wanda bai fara ba kada ya fara, wanda yake sha ya roƙi Allah ya raba shi da sigarin da na lantarkin duka. Wa'azin liman a masallacin unguwa ya fi sandar ɗan sanda isa ga zuciyar saurayi. Amma tambayar da ke gaban 'yan majalisa ta dabara ce, wato wane tsari ne zai rage yawan waɗanda za su cutu.

Saura abu ɗaya da masu adawa da hani ba sa son a taɓo, kuma dole a taɓo shi. Ba duk muryar da ta ce daga talakawa ta fito ba ce ta talakawa. A San Francisco, bayan birnin ya hana sayar da sigarin lantarki a 2019, kamfanin Juul mai ƙera shi ya zuba miliyoyin daloli a wani yunƙuri na soke hanin ta hanyar ƙuri'ar jama'a, aka yi masa ado da sunan kare manya masu son barin sigari. Mutanen birnin suka gane, fiye da kashi 80 cikin 100 na masu ƙuri'a suka yi watsi da shi. Juul ɗin nan kuwa, kamfanin Altria mai sigarin Marlboro a Amurka ya sayi kashi 35 cikin 100 nasa a 2018 kan dala biliyan 12.8. Manyan kamfanonin taba su ne yanzu ke da wasu manyan sunaye a kasuwar tururi, kuma mun san halinsu a gida: a Disambar 2023 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan British American Tobacco a Najeriya saboda karya ƙa'idojin kasuwa da na lafiyar jama'a. Najeriya ta amince da yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, wadda ta wajabta nisanta kamfanonin taba daga teburin tsara manufofin lafiya. Saboda haka duk ƙungiyar da za ta tashi da sunan 'yan kasuwa ko mashaya tana adawa da hani, a fara tambayarta wa ya biya kuɗin mota da na allunan da aka ɗaga. Wadda ta ƙi faɗa, ta zubar da hujjarta da hannunta, ta kuma ɓata wa masu gaskiya suna.

Duk lokacin da Majalisar Tarayya ko ta Jihar Legas ta ɗauko gyaran dokar taba, akwai zaman jin ra'ayin jama'a, kuma ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Abin da aka saba shi ne lauyoyin kamfani su zauna a gefe guda, ƙungiyoyin lafiya a ɗaya gefen, mai tireda kuwa sai ranar da motar kame ta tsaya a gabansa yake jin an yi doka. Ya kamata fadar Sarkin Hausawan Agege da shugabannin 'yan kasuwarmu na Apapa da Mile 12 su shirya takardarsu tun yanzu, da kuɗin aljihunsu, su nemi a ɗora alhakin kaya a wuyan mai shigowa da babban dila, a rubuta gargaɗin lafiya da Hausa da Yarbanci yadda mai saye da mai sayarwa za su karanta, su kuma ɗauki alkawari a rubuce cewa 'yan ƙungiyarsu za su daina miƙa wa yaro nikotin ko wane iri ne, har da karan sigarin da doka ta hana tun 2015.