Yadda A Ke Sabunta Gonar Irin Kwakwa Ba A Yi Hasarar Iri Ba

Malamai da ma'aikata sun san ana ajiye irin gero da na dawa a rumbu, har ma akwai babbar ma'aji a Svalbard ta ƙasar Norway da aka buɗe a 2008, inda a ke daskarar da iri. To, kwakwar Attagara ba ta yarda da wannan ba. In an busar da ɗanta ko an daskarar, ya mutu. Don haka sai a gona a ke kiyaye ta, tana tsaye da ranta, kamar yadda a ke yi a tashar Marc Delorme kusa da Abijan.

Wahalar tana zuwa sa'ad da itatuwa suka tsufa, suka yi tsawon da hawansu ya zama kasada. Dole a sabunta su. Mutum ya ce, ai sai a tsinci 'ya'yan da suka faɗo a shuka. Ina! Doguwar kwakwa furenta namiji ya kan riga na mace buɗewa, saboda haka iska da ƙwari su ke kawo mata garin fure daga maƙwabta. A gonar da aka jera iri-iri daga ƙasashe dabam dabam, ɗan da ya faɗo an san uwarsa, ba a san ubansa ba.

Dabarar ita ce barbara ta hannu. Ma'aikaci ya hau, ya cire furanni maza, ya rufe matan da jaka. Sa'an nan ya ɗebo garin fure daga wani itace na wannan irin, ya busar, ya hura cikin jakar. Sai wajen shekara guda ɗan ya nuna. Aikin da tsada, shi ya sa rowa ta kan sa a ɗauki uba ɗaya ko biyu a barbari gonar duka. Nan ne ɓarnar ta ke, gama halin da ke jikin itatuwan da aka bari ya tafi ke nan. Ciwon da ya ɓulla wajen Keta ta ƙasar Gana a 1932 ya kashe kwakwa ba iyaka, kuma cikin irin da aka samu suna jimre masa akwai na Siri Lanka da na Vanuwatu, waɗanda da ba a adana su ba da babu abin gwadawa.

A ƙasar Yawuri giginya ce tamu, ita kuwa namiji dabam, mace dabam. Tun da ruwan Kainji ya cinye gungunan kogi a 1968 mutane suka koma tudu, ana sarar ta don azara, ana haƙe muruci. Malamin da zai kafa gandun giginya a makaranta ya aiki yara su tsinto 'ya'ya daga uwaye da yawa, wasu daga Shanga, wasu daga Ngaski, ya rubuta asalin kowanne a littafi, ya kuma roƙi hakimi a bar mazan da ke tsaye kusa da su.